Damina ta ci mana mata uku: mota za mu saya ko yaya za mu yi?

Ɗan_Rahad:
Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Ban saba dogon rubutu ba, ku yi haƙuri da ni. A daminar da ta wuce, cikin ƙauyuka shida da ke jere a gefenmu, kudu da Gadarif a nan gabashin Sudan, mata uku muka binne a kan haihuwa. Ɗaya matar ƙanena ce. Ta sauka lafiya bayan isha'i, namiji, har mata sun yi guɗa. Can sai jini ya ɓalle. Daya, wato ungozomarmu, ta ce a tafi asibiti yanzu, ba sai an jima ba. To, kwana biyu ana tafka ruwa, kuma kun san baƙar lakar nan tamu, ko jaki sai ya yi da gaske. Kafin a tashi mai tarakta, a bi gida-gida a harhaɗa masa gas, a ɗaura tirela, a ɗora angarib, gadon nan na igiya, ƙarfe ɗaya ta gota. Ba a kai ga kwalta ba ta cika. Jaririn yana hannun kakarsa.

Yanzu an yanke riɗi, dawa ma ta kusa, kuɗi zai ɗan shigo hannun mutane. Wasunmu suna ganin ƙauyukan shida mu haɗa mu sayi boksi ɗaya, wato motar a-kori-kura, a ajiye shi don masu naƙuda kawai. Wasu sun ce asarar kuɗi ce. Ni na rasa inda zan tsaya. Duk wanda ya taɓa ganin an yi irin wannan haɗin gwiwa, a Kassala ne, a Sinnar ne, ko a Najeriya, ya gaya mana yadda ta kaya.

Uwar_Hanan:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari. Sannu Ɗan_Rahad, a yi wa ƙanenka gaisuwa.

Sarkin_Tarakta:
Allah ya gafarta musu. Amma Yaya, kai da bakinka ka ba da amsar. Da boksin yana ƙofar gidanku a daren nan, ina zai je? Shekara goma sha huɗu ina tuƙi a gonakin nan. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, in ruwa ya sauka a kan ƙasar nan, ba abin da ke ratsa ta sai tarakta, shi ma sai wanda ya san inda rafi ya yanke. Ku sayi boksi, da rani za ku ji daɗinsa, da damina ku ɗora shi a kan duwatsu kaji su riƙa kwana a ƙarƙashi.

Abin da ya cinye muku lokaci a daren nan ba rashin ƙarfe mai taya ba ne. Taraktan yana nan. Gas ne babu, kuma ba a san wanda za a buga wa ƙofa ba.

Bakassale:
Gaskiyar Sarkin Tarakta. Kuma mota tana ci ko ba ta aiki. Batir, taya, direba. Wa zai riƙa biya?

Daya_Mai_Akwati:
Allah ya jiƙan waɗannan bayin Allah. Ni daya ce, ungozomar da ta yi makaranta, shekarata ashirin da biyu ina karɓar haihuwa a gefen Sinnar. Ɗan_Rahad ƙanena, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ba don in ɗora wa kowa laifi ba: me ke cikin akwatin dayarku a daren nan?

Dalilin tambayata, zubar jini bayan haihuwa ba ya jira. Mace mai lafiya sarai, in ba a tsayar da shi ba, cikin awa biyu yana iya tafiya da ita. Ko jirgi kuka saya, in tafiyarku ta awa uku ce, jinin ya riga ku. Abin da ke tsayar da shi a ɗaki ake fara shi. Akwai allurar oksitosin da ake yi wa mace da zarar jariri ya faɗo, tana sa mahaifa ta dunƙule ta matse jijiyoyin. Matsalarta sanyi take so, in ta daɗe a zafin nan namu ƙarfinta ya ragu, ga wuta ba ta zama. Akwai ƙwayar misofrostol, ita ba ruwanta da firji, guda uku ake ba mace ta haɗiya bayan an tabbatar jaririn ya fito kuma babu na biyu a ciki. Sai murza ciki da hannu har ka ji mahaifa ta yi tauri, a sa ta yi fitsari, a ɗora mata jaririn a nono. Waɗannan su ke sayo lokacin da za a nemo tarakta.

Mu dayoyi da yawa tun da yaƙin nan ya tashi a Afrilun 2023 akwatinmu almakashi ne da zare da tawakkali. Safar hannu ma da kuɗina nake saya. In kuna da kuɗin boksi, ku fara leƙa akwatin.

Uwar_Hanan:
Inna Daya, wannan ƙwayar ana samun ta a kantin magani? In sa a sayo wa ƙanwata ta ajiye, wata bakwai gare ta.

Daya_Mai_Akwati:
A'a 'yata, kul. Kada ta zauna a hannun mai ciki ko uwar miji. In aka sha ta kafin jariri ya fito, wai don naƙuda ta yi sauri, tana iya fasa mahaifa, a rasa uwa a rasa ɗa. Na gani da idona. A hannun wadda aka koya wa za ta zauna, kuma ta hanyar cibiyar lafiya za ku nema, ba ta bayan fage ba.

Ɗan_Rahad:
Inna, na je na tambaye ta yau. Ta ce allurar ta ƙare mata tun kafin azumi, ƙwayar kuma ba ta taɓa riƙe ta ba. Tana ba ni amsa tana kuka. Ba mu taɓa tambayarta abin da take buƙata ba, gaskiya. In ta karɓi haihuwa a ba ta sabulu da sukari da ɗan abin da ya sawwaƙa, shi ke nan.

Malam_Na_Tsangaya:
Allah ya karɓi shahadarsu, domin ya zo a hadisi cewa macen da ta rasu a kan haihuwa shahida ce. Sai dai ina jin wasu suna fakewa da wannan, su ce ai kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, gaskiya ne. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Abin da nake so in ƙara bai shafi kuɗi ba. Sau nawa mace ke kwana tana murƙususu saboda maigida yana gona mai nisa, ko ya tafi haƙar zinariya arewa, waya ba ta shiga, kuma ba wanda zai ce a fita da ita ba da izninsa ba? A masallacinmu mun yi wani abu bara: duk mai tafiya da ya bar mace da ciki, ya faɗa gaban liman da shaidu biyu cewa in daya ta ce asibiti, ya yarda, ba sai an neme shi ba. Ko sisi bai ci mana ba.

Ɗan_Damazin:
Malam wannan ta yi. Zan kai wa limaminmu.

Gwaggo_Ta_Mai_Wurno:
Malam ya faɗi ta maza, bari in faɗi tamu. Ba kullum miji ke hanawa ba. Mu tsofaffi mu muka koya wa yara cewa mace ta gari ba a jin bakinta a naƙuda, musamman haihuwar fari. Yarinya ta zo goyon ciki gidan iyayenta, ciwo ya kama ta tun la'asar, ta shige ɗaki ta danne don kada a ce ba ta da kunya. Sai an ga ta kasa tashi sannan a sani. Ni haka aka yi mini, kuma har na yi alfahari da shi. Jikata kuwa na ce mata, ke, in kin ji ko motsi ne da ba ki gane ba, ki kwarma ihu unguwa ta ji, kunyar a bar mini ita.

Bakassale:
Hhhh Gwaggo, Allah ya ƙara miki lafiya.

Hajiya_Jidda:
Ni ina Jidda shekara talatin, amma uwata da ƙannena suna gefen Gadarif. Mu nan in an ce a haɗa, za a haɗa. Matan da muke adashi da su kaɗai sun isa su cika akwatin dayoyi shida. Abin da ya sa muka ja baya, an taɓa yi mana. An ce za a gina ɗakin haihuwa a wani ƙauye, ba zan faɗi suna ba, muka tura, muka sake turawa, da na je ganin gida harsashi na tarar, awaki na kwance a kai. Wanda ya riƙe kuɗin kuma ɗan'uwa ne, ba dama ka yi magana a ce ka ɓata zumunci. Don haka Ɗan_Rahad, kafin ka ce mota ko tarakta, gaya mini wa zai riƙe.

Abu_Musa:
Hajiya da girmanki, kullum ku na waje maganarku ke nan, an ci kuɗinku. Kun san nawa fam ɗin Sudan ya faɗi tsakanin ranar da kuka turo da ranar da aka je sayen siminti? Ba kowane harsashi ne sata ba.

Hajiya_Jidda:
Abu_Musa ɗana, in faɗuwar fam ce, sai a zo a ce mana ga abin da aka karɓa, ga abin da aka saya, ga inda ya tsaya. Takarda ɗaya ba a nuna mana ba. Ni ban kira kowa ɓarawo ba, kai ka kawo kalmar.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a sassauta. Ta'aziyya ce ta buɗe maganar nan.

Tajirin_Gallabat:
Abu_Musa ya taɓo wani abu mai muhimmanci ko da ya faɗe shi da zafi. Kada ku tara fam. Abin da kuka tara a watan Disamba, kafin Agusta ya zama rabin kansa. Ku tara hatsi. Kowane gida kela ɗaya (ma'aunin hatsi na nan) ta dawa a lokacin girbi, mai riɗi ya ba da riɗi. A zuba a rumbu mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a wannan ƙauye, ɗaya a wancan. Buhu ba ya ɓuya a aljihu, kowa yana iya zuwa ya ƙirga. Kafin ruwan farko a sayar da wani kashi a sayi gas, a ajiye jarka biyu a kowane ƙauye da sunan masu ciki, kada a taɓa ko da shuka za ta lalace.

Sannan abin da na gani a Habasha, don ina ƙetarawa Matama da kaya. Su a jikin cibiyoyin lafiyarsu na karkara akwai ɗakin jira. Mace daga ƙauye mai nisa in watanta ya kama, sai ta taho ta zauna nan sati biyu ko uku, har ta haihu a hannun ma'aikata. Mutanen ƙauyuka su ke kawo hatsin da ake dafa musu. Wato maimakon a yi tseren dare da laka, an yi tafiyar da rana tsaka tun tana takawa da ƙafarta. Mu da muke da dangi a kowace unguwa ta Gadarif, ɗaki biyu zai gagare mu?

Uwar_Hanan:
Alhaji, faɗa da baki. In na tafi birni sati uku, wa zai riƙe mini yara biyar? Wa zai kai abinci gona? Kuma a tsakiyar damina, lokacin da ake neman hannu ko na yaro ne. Sannan tun da mutanen birnin Madani suka gudo saboda yaƙi a ƙarshen 2023, wane gida ne a Gadarif ke da ɗakin da ba kowa? Har makarantu mutane aka zuba.

Tajirin_Gallabat:
Da yawa sun koma tun da aka karɓe Madani a farkon 2025, ɗakuna sun fara samuwa. Maganar yara kuwa ban da amsarta, ku mata ku kuka san yadda za ku yi.

Gwaggo_Ta_Mai_Wurno:
Amsarta gayya. Abin da Larabawan nan ke kira nafir, mu da shi muka zo daga gida. In ana gayyar noma da gayyar yaɓen ɗaki, me zai hana gayyar riƙon yara? Wannan ta ɗauki biyu, waccan ta ɗauki uku. Da can da kishiya ko matar wa ake rufa wa juna asiri, ba a jin komai.

Dr_Ƙanwar_Maza:
Salam. Ina aiki a ɓangaren haihuwa a gabashin nan, ba zan faɗi asibitin ba. Na karanta duka, kuma kusan kowa yana da gaskiya, don jinkirin ba a wuri ɗaya yake ba. Mu a wurin aiki kashi uku muke raba shi: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Malam da Gwaggo suna maganar na farko, Sarkin Tarakta na biyu. Na ukun namu ne, kuma ba zan ɓoye ba, yana faruwa. Mafi yawan abin da ke tsayar da mu jini ne. Mace ta iso fari fat, a ce dangi su ba da jini, sai ka ga maza shida da suka rako ta kowa yana kallon ƙasa. Wannan ya ce yana noma ƙarfinsa zai tafi, wancan ya ce bai ci abinci ba. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku. In ƙauyukanku za su yi abu ɗaya da zai sauƙaƙa mini aiki, ku kawo samari talatin da rani a gwada rukunin jininsu, a rubuta a littafi da lambar waya, duk mai naƙudar da za a fito da ita a ɗauko biyu masu irin jininta a tirelar.

Game da ɗakin jira, Uwar_Hanan, ba kowace mai ciki za ta tafi ba. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, mai tagwaye, wadda ɗa ya kwanta a gicciye ko ya zo da ƙafa, mai hawan jini, wadda ta taɓa zubar da jini a haihuwar baya, yarinya ƙarama mai cikin fari, da wadda ta haihu biyar ko fiye. Ba a gane su sai da awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce awo takwas, da can huɗu ne. Ni a halin da muke ciki ko huɗun aka samu da na'urar awon jini mai aiki, na gode Allah. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani dishi-dishi, ga fuska da hannu sun kumbura, wannan jijjiga ce ke sallama. Ba iska ba ce, ba mayu ba ne, kada a tsaya hayaƙi. Akwai allurar da ke hana ta, magniziyam salfet, amma a asibiti take.

Ɗan_Damazin:
Dakta, mu a nan kumburin ƙafa cewa ake namiji za a haifa.

Dr_Ƙanwar_Maza:
Ƙafa kaɗai da yamma, yawancin masu ciki suna yi, mace ko namiji. Fuska da yatsu su ne abin tsoro. Wani abin kuma, ƙarancin jini. Matanmu da yawa suna shiga naƙuda da jinin da bai kai ba, saboda zazzaɓin cizon sauro da rashin cin mai kyau, to ɗan abin da wata za ta zubar ta tashi, ita shi zai kayar da ita. Gidan sauro kowane dare, zazzaɓi ya zo a gwada a sha magani cikakke, ƙwayar ƙarin jini kullum. Kuma don Allah kada a kora ta da shayi. Shayi da jabana, wato gahawa, suna hana jiki tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikinta. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu.

Bakassale:
Dakta kin taɓo mana jabana, yanzu za a watse a bar ki ke kaɗai.

Ustaz_Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya, saboda abin da Inna Daya ta faɗa game da akwati ya tsaya mini. Ƙasar nan tana cikin waɗanda suka riga kowa a wannan fanni a Afirka. A 1921 aka buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, wata Baturiyar Ingila, Mabel Wolff, ita ta fara, daga baya 'yar'uwarta Gertrude ta zo ta taya ta. Matan da aka fara koya wa ba su iya karatu ba, da yawansu tsofaffin ungozomomin gargajiya ne, sai aka koya musu gane magani ta wari da ɗanɗano da kama. In mace ta gama a ba ta akwatin kayan aiki ta koma garinsu. Daga cikin ɗaliban farko-farko akwai Sit Batul Muhammad Isa, wadda ta zama malama a makarantar. Hikimar ita ce ba a kawo baƙuwa, 'yar gari ake ɗauka a koya mata a mayar da ita. Tambayata ga Ɗan_Rahad: dayarku shekararta nawa, kuma wa zai gaje ta? Ƙauyuka shida ba za su iya ɗaukar nauyin yarinya biyu masu jin Hausa su je makarantar dayoyi ba? Tsohuwar da ba ta jin Larabci sosai ba za ta faɗa wa baƙuwa abin da ke damunta a ƙasan cibiya ba.

Daya_Mai_Akwati:
Ustaz ka gama magana. Ni ma mutanen garinmu ne suka tura ni, liman ya sa hannu, mijina ya yi fushi na wata biyu ya huce. Amma a zaɓi wadda za ta zauna. In kun tura budurwa, ta dawo a aure ta a kai ta Port Sudan, kun yi wa wasu noma. Ku nemi matar aure mai 'ya'ya a garin, ko bazawara mai hankali.

Tunda ana maganar gyara, in faɗi wadda ba a so. Kaciyar fir'auna, wadda ake yanke gaban mace a ɗinke. Asali ba al'adar Hausawa ba ce, a nan wasu gidaje suka tsince ta don kada a ce musu bare. Ni ke ganin abin da take yi ranar haihuwa: tabo ba ya buɗewa, sai an yanka, ga jini, ga doguwar naƙuda. Tun 2020 doka ta hana, ɗaurin har shekara uku. Namu na gida kuma, yankan gishiri, shi ma ba magani ba ne, yoyon fitsari yake jawowa.

Abu_Musa:
Yanzu kuma an bar maganar mota an koma tonon al'ada.

Gwaggo_Ta_Mai_Wurno:
Abu_Musa, a bar ta ta faɗa, ita ke shiga ɗakin, kai a waje kake tsayawa. Amma Daya, wankan jego fa? Kada ki ce shi ma a bari. Ni da shi na yi goma sha ɗaya.

Dr_Ƙanwar_Maza:
Gwaggo, ba a ce a bar wanka ba. Ruwa mai ɗumi, kunu, madidar hulba (kunun hulba na nan), hutu na kwana arba'in, duk alheri ne. Abin da likitoci suka lura da shi a Zariya tun shekarun 1970 shi ne tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawa, suna tare da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai jegon da ta fara haki, ta kasa kwanciya sai a zaune, ƙafa ta kumbura, a dakatar da kanwar a kawo ta.

Gwaggo_Ta_Mai_Wurno:
To, na ji. A rage kanwa. Ruwan dai ba zan sirka shi ya zama na alwala ba.

Ɗalibi_Daga_Kano:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ɗan Najeriya ne, na yi karatu a Khartum kafin yaƙi, shi ya sa nake cikin zauren nan. Kawu Ɗan_Rahad ya tambayi yadda ake yi a gida. A jihohi irin su Jigawa an yi wani tsari da ƙungiyar direbobin haya. Ba a sayi mota ba. Direbobin da ke zaune a ƙauyukan aka koya wa alamomin haɗari da yadda ake ɗaukar mai naƙuda, aka raba lambobinsu, in an kira su ko tsakar dare ne su fito, kuɗin mai kawai ake ba su. Ladan da ƙungiya ke yi musu, wanda ya kai mace asibiti in ya dawo tasha ba ya bin layi, shi zai fara lodi. Inda shugabannin tasha suka riƙe abin ya yi aiki, inda aka bar direba da asarar mai kuma ya mutu. Ina ganin irinsa Sarkin Tarakta yake nufi.

Sarkin_Tarakta:
Shi ne, ɗana. Mu ba mu da layin lodi, amma a ce duk mai taraktan da ya fita da dare, ƙauyen su yi masa gayyar yini ɗaya a gonarsa lokacin cirar ciyawa. Wallahi rububin fita za a yi. A yi jadawali, wannan mako wane, mako mai zuwa wane, tirela a ɗaure take kwana. Ni na sa sunana na farko in ana so, duk da ba ƙauyenmu ɗaya ba, zan yi wa masu taraktan gefenku magana, na san uku a cikinsu.

Abu_Musa:
Duk na ji, amma ni har yanzu ina kan mota. Damina wata uku ce zuwa huɗu. Sauran wata takwas ɗin fa? Tarakta tafiyar kunkuru yake, ga jijjiga mai ciki kamar ana tankaɗe. Da rani boksi zai yi tafiyar a sulusin lokacin. Kuma ba masu haihuwa kaɗai ba, wanda maciji ya sara fa? Kada mu zama kullum masu roƙon abin hawan wani.

Hajiya_Jidda:
In an yi rumbu mai makulli biyu kamar yadda Alhaji na Gallabat ya ce, kuma aka sa mace ɗaya cikin masu ƙirga, ni da ƙawayena mun ɗauki na'urar awon jini shida da safar hannu na shekara. Kaya za mu aiko, ba kuɗi ba. Mota kuwa Abu_Musa, in ka ga an yi shekara biyu ba a ji kan kowa ba, ka dawo mu yi magana.

Ɗan_Rahad:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya bayan Juma'a mun zauna. Ƙauyuka huɗu suka zo, biyu ba su turo kowa ba, ɗaya saboda tsohuwar rigimar iyakar gona da ba ta shafi wannan ba. An yarda da kela ɗaya kowane gida, an yarda da maganar Malam ta izni. Mota an yi ta ja har magariba, masu so ba su janye ba, an ɗage sai an ga abin da rumbu ya tara. Maganar jini samari sun yi shiru, mutum bakwai kawai suka ba da suna. Wani ɗan'uwanmu a cikin Gadarif ya ce yana da ɗaki ɗaya, amma rufin yana zuba.

Inna Daya, matan sun ce in tambaye ki: dayarmu ita kaɗai ce a ƙauyuka uku, in aka fita da ita rakiyar wata a tarakta, wata kuma ta fara naƙuda a baya, wa zai zauna da ita?

Daya_Mai_Akwati:
Shi ya sa Ustaz ya ce ku tura biyu. Kafin nan, ka turo mini lambarta ta akwatin sirri, in ji da bakinta su wa take ganin za su iya riƙe fitila ba su suma ba.

Sarkin_Tarakta:
Rufin ɗakin nan kwano ne ko ciyawa? In kwano ne ina da guda huɗu da suka rage mini.